Baƙin Sarkin Teku

A Dutsin-ma an yi wani mutum, Sodangi, wanda ko kunu ba ya iya sha bai kawo zancen teku ba. Kullum in ya zauna gindin durumin ƙofar gidansa, labarin ke nan. Wai shekara bakwai ya yi yana aiki a jirgin ruwa a Ikko. Wai ya ga kifin da ya fi rumbu girma, har ya shanya rigarsa a bayansa. Ruwan teku kuwa, in ji shi, shi ne ruwan shansa safe da yamma, da shi yake jiƙa gari, ɗan gishiri-gishirinsa kamar romon kan sa. Tun ana ce mashi Sarkin Teku da wasa har sunan ya bi shi, shi ko ya riƙe shi hannu biyu.

Mutum ɗaya ce a garin ta san gaskiya, matarsa Kande. Yayanta na Kurfi ya taɓa cin karo da Sodangi a Funtuwa, zaune yana ɗinkin buhun auduga. Can Sodangi ya yi shekarunsa, kuma biyu ne, ba bakwai ba. Babban ruwan da ya taɓa gani shi ne wani kududdufi bayan tasha. Kande ta haɗiye maganar nan ta zauna a kanta. Duk lokacin da ta jiyo shi daga cikin gida ya fara "wata rana muna tsakiyar teku", sai ta ƙara ƙarfin daka don kada ta ji sauran.

Ana nan, shekara uku bayan samun mulkin kai, sai Dalhatu, ɗan yayar Sodangi, malamin dabbobi, ya dawo daga kwas a Ikko. Ya zo da akwatin gilashi, da buhun gishirin teku, da wasu 'yan kifaye uku masu rai. Biyu masu ratsi-ratsi baƙi da rawaya, ɗaya shuɗi kamar an tsamo shi daga marina, kowanne bai wuce yatsa biyu ba. Bai yi wata guda ba aka tura shi allurar shanu ƙasar Kurfi, su Tamawa da kewaye, kwana goma sha biyu. Ya rasa wanda zai bar wa kifin. Wa kuwa za a bar wa in ba Sarkin Teku ba?

Aka kawo akwatin aka ajiye a zauren Sodangi. Dalhatu ya durƙusa yana bayani. Ga tub ɗin tayar mota, a buga mashi iska da famfon keke safe da yamma, iskar ta riƙa bin ɗan siririn tiyo tana shiga ruwan a hankali. Abinci kuwa, abin da yatsa biyu suka tsunkuno, sau ɗaya a rana. Ya ce kashin kifin da ragowar abinci su ke ruɓewa su zama wani abu wai shi naitiret, ido ba ya ganinsa, in ya yi yawa sai ya kashe su. Ya nuna wata 'yar kwalba. A ɗebi ruwan kaɗan a ɗiga mashi ɗigo uku. In ya tsaya fari, lafiya lau. In ya yi ja kamar soɓorodo, ruwa ya ɓaci. Magani ɗaya ne: a rage abinci, a kwashe rabin garwa a zubar, a maye da sabon ruwa wanda ya kwana da gishiri, gwangwanin madara uku a garwa guda.

Sodangi na sakace haƙori yana kallon rufin zaure.

"Kawu, ka dai ji ko?"

"Kai yaro, ni za ka koya wa teku? Lokacin da nake shan ta ko wando ba a fara sa maka ba. Hau kekenka ka tafi."

Kande na bayan ƙofar zaure, ta manna kunne jikin zana. Uku a garwa, uku a garwa, haka ta yi ta maimaitawa a ranta har ta koma madafa. Ta san in kifin nan suka mutu a hannunsa, ba kifi kaɗai za a binne ba, har da shekara bakwai ɗin nan, kuma ita ce za ta rasa inda za ta sa fuskarta a rijiya.

Ƙurar keken Dalhatu ba ta kwanta ba Sodangi ya ɗauki gwangwanin abincin kifin ya shinshina, ya ce wannan ai rowa ce. Baƙo ya taso tun daga Ikko a ba shi abin da yatsa biyu suka tsunkuno? A gidan wa? Ya ce mutanen Dutsin-ma ba za su ji kunya a hannunsa ba. Nan take ya gutsuro tuwon dawa ya jefa, ya bi shi da ƙuli-ƙuli. Ya fita gindin durumi ya sanar cewa ya yi baƙi.

To, kun san yadda ake yi in maƙwabci ya yi baƙi. Kafin azahar akussa sun fara shigowa. Gogo Tani, tsohuwar da ke katanga ɗaya da su, ta kawo dambu da kanta, ta durƙusa gaban gilashi ta yi masu sannu da hanya, ta tambayi mutanen gida. Wani ya aiko da fura, wani da ɗanwake. Sodangi ya ce ba a mayar da abincin baƙo, don haka kowane akushi sai an ɗiba an zuba masu, sauran kuma shi yake taya su ci, don baƙo ba ya sakewa in ba a sa hannu tare da shi ba.

Kwana uku, ruwan ya koma kamar tsarin gero. Kifin suka taso sama suna buɗe baki suna rufewa. Ilu wanzami, taubashin Sodangi, wanda ba ya raga mashi ko a gidan makoki, ya leƙo ya ce a gwada kwalbar nan mana a gani. Aka ɗiga. Ruwa ya yi ja wur.

"Ka gani ko," in ji Sodangi. "Jini ke nan. Da suka zo ai fari fat suke, yunwa ta cinye su. Yanzu sun fara yin jini."

"To me ya sa suke hamma?"

"Gaisuwa ce. Haka suke gaida manya a can."

Ilu ya ce shi dai a wajensa wanda ya yi irin wannan gaisuwa ƙaho yake kafa mashi.

Ran nan da Sodangi ya tafi kasuwa, Kande ta saka sakata. Ta tsame lomomin tuwo da ludayi, ta kwashe rabin garwa ta kai bayan ɗaki ta zubar, ta rufe wurin da ƙasa don kada a ga danshi. Dama tun jiya ta jiƙa gishiri a garwa ta ɓoye ƙarƙashin gado, ta rufa mata tsohon zane. Ta tsiyaya sabon ruwan a hankali, tana waiwayen ƙofa. Motsin kaza ma sai da ya sa ta kusa sakin garwar.

Shi kuwa a kasuwa ya gamu da Manu, wani Bafulatani na wajen Kuki da ke kawo masu nono. Ya ba shi labarin baƙi, ya ce suna ɗan fama da sauyin wuri. Manu ya ce shi bai san kifi ba, amma saniya in cikinta ya ɓaci kanwa ake ba ta. Sodangi ya ce abin da ke bakinsa ke nan, a jirgi ma haka suke yi. Ya dawo ya marmasa 'yar kanwa ya barbaɗa.

Washegari aka ɗiga kwalba. Jan ya ragu, kifin sun sauka ƙasa suna yawo. Sodangi ya fita ba hula yana kiran mutane su zo su ga aikin kanwa. Ilu ya tuna mashi cewa jiya ja shi ne lafiya. Sodangi ya ce wancan jan jini ne, wannan kuma farin hutu ne, wanda bai je teku ba ba zai gane ba.

Haka aka yi ta yi. Shi ya ɓata da safe, ita ta gyara da hantsi. Duk gyaran da ta yi kuwa sai ya zama shaidar maganinsa, gobe ya ninka. Kande ta rame. Buhun gishiri ya yi ƙasa, ta cusa tsummoki a gindinsa don ya tsaya da tsayinsa. Sau ɗaya ta yi ƙarfin hali, tana miƙa mashi ruwan wanke hannu, ta ce, "Malam, da an ɗan rage masu tuwon nan." Ya dube ta da tausayi, ya ce ita da ko gulbi ba ta taɓa tsallakewa ba, ta bar wa masu abu abinsu.

Ran kwana na takwas ya tashi da sabuwar dabara. Ya ce ya gano abin da ke damun baƙi, kewar igiyar ruwa suke yi. Ya karɓi muciyar Kande ya shiga tuƙa ruwan kamar mai tuƙa tuwon biki, kifin na wulwulawa. Da ya gaji ya ce iskar ma ta yi kaɗan, teku ai guguwa gare ta. Ya kama famfon keke ya yi ta bugawa. Tub ya kumbura ya yi kamar tulu, ya wuce tulu. Ilu da ke wa wani aski a gindin durumi ya ce a bari haka nan. Sodangi ya ce saura kaɗan.

Ƙarar da ta tashi, har masallacin unguwa an ji ta. Kajin Gogo Tani suka haye katanga, akuyarta ta tsinke igiya ta bi hanyar Makera. Wanda ake wa aski ya ruga da rabin kai. Aka sami Sarkin Teku zaune dirshan a ƙasa, famfo a hannu, guntun roba a wuya kamar laya. Da aka tashe shi abin da ya fara faɗa shi ne, a jirgi kullum sai an yi irin wannan sau biyu kafin karin kumallo.

Yanzu ba iska. Ya aika aka aro mashi zugazugin maƙeri, ya ɗaura tiyo a bakinsa. Zugar farko, toka da garin gawayi na shekara da shekaru suka bi tiyo suka shige ruwan. Akwati ya yi baƙi ƙirin. Sodangi ya ja da baya, ya ƙare mashi kallo, ya ce madalla, can tsakiyar teku daidai wannan launin ne.

Saura kwana ɗaya Dalhatu ya dawo, Kande ta ji shi yana lissafa wa Ilu babban haɗin da zai yi na bankwana: dunƙulen kanwa kamar kan jariri, da alif don ruwa ya kwanta, da jiƙon bagaruwa don ƙarfin jiki, sannan a rufe da fura mai kyau. Ya fita sayo alif. Kande ta tsaya tsakar gida, zufa na bin bayanta. Ta dubi sabuwar randar da innarta ta aiko mata daga Kurfi, wadda ko sau ɗaya ba a sha ruwa a cikinta ba. Ta juye mata garwa biyu na ruwan gishirin da ya kwana. Ta ɗauki rariya ta shiga lalube cikin baƙin ruwan nan, tana addu'a. Ɗaya. Biyu. Shuɗin ya wahalar da ita, sai da ta jiƙe har kafaɗa. Ta sake su cikin randa, ta jawo ta kusa da randar sha inda inuwa take, ta rufe da faifai. Tun daga lokacin, bini-bini sai ta ɗaga faifan ta riƙa sheƙa ruwan da ludayi kamar mai fifita kunu, don su sami iska.

Niyyarta in Dalhatu ya zo ta faɗa mashi a asirce, a mayar da kifi, kowa ya tsira da mutuncinsa. Ba ta san maigidan ya gayyaci rabin gari ba.

Sodangi ya dawo ya zuba haɗinsa cikin akwatin da ba kowa. Ya tsuguna ya yi masu magana, ya ce su ci su ƙoshi. Da safe ya sa aka ciccibo akwatin aka fito da shi gindin durumi, aka ɗora kan turmi biyu. Ya sa babbar riga. Mutane suka taru, har da Manu da ya kawo nono ya tsaya ganin aikin kanwarsa. Kande na leƙe ta hudar zana, ludayi a hannu.

Sodangi na nuna gilashi da sanda. Ga shuɗin can, in ji shi, ya yi ƙiba har ba ya son motsi. Ga mai ratsin nan ya wuce yanzu. Wasu suka ce lalle sun ga wani abu ya gifta. Gogo Tani ta ce ita ma ta gani, har ya kaɗa mata wutsiya. Ilu ya manna ido ya daɗe, ya ce shi kifi ɗaya yake gani, mai hula da gemu, kuma da shi kansa Ilun ya yi kama.

Da hantsi sai ga Dalhatu a keke, ya yi baƙi ya sha rana. Ya gaida kawunsa, ya juya ya ga akwati. Ya toshe hanci. Wari kaɗai ya isa, amma Sodangi ya matsa sai an ɗiga kwalba a gaban jama'a. Aka ɗiga. Abin ya wuce soɓorodo, ya koma kamar jinin da ya kwana.

"Kawu, ina kifin?"

"Suna ciki, suna hutawa. Ba su son hayaniya."

Dalhatu ya naɗe hannun riga ya shiga kwashe ruwan da ƙwarya. Jama'a suka matso. Aka fito da dunƙulen kanwa. Aka fito da lomar tuwo goma sha ɗaya, Ilu ne ya ƙirga. Aka fito da ɓawon bagaruwa, da guntun roba, da wani cokali da Gogo Tani ta ce nata ne tun ranar dambu. Akwati ya koma ƙasa ƙaf. Ko ƙaya babu.

Manu ya ja sandarsa ya koma bayan mutane, yana cewa shi dai saniya ya ce.

"Taubashi," in ji Ilu a hankali, "faɗi gaskiya. Soyawa ka yi ko miya?"

Dariya ta ɓarke. Wata daga baya ta ce dama ta ga ya yi kumatu kwanan nan. Wani ya ce wannan shi ne mutumin da ya ci abincin baƙi ya haɗa da baƙin. Sodangi ya shiga rantse-rantse. Ya ce kifin teku in ya ji daɗi ƙwarai narkewa yake yi. Ya ce ko kuma sun bi ta ƙarƙashin ƙasa sun koma gida, an sha yin haka. Dalhatu dai na tsugune, ya dafe kai, idanunsa sun kawo ruwa. Da Sodangi ya ga haka sai zufa ta jiƙa mashi babbar riga. Ya zauna kan wani turmin ya ce a taimake shi da ruwa.

Kande na tsaye bayan zana tana lissafi. In ta fita ta faɗa, ta tona mijinta a gaban gari. In ta yi shiru, ya zama wanda ya cinye amana. Tana cikin wannan sai Gogo Tani ta faɗo gidan da sauri, ta fizgi moɗa, ta ɗaga faifan randar da ta fi kusa ta kamfato. Kafin Kande ta ce "Gogo", tsohuwa ta kai zaure.

Sodangi ya karɓa ya kafa kai, ya yi ƙwat ƙwat biyu manya. Sai idanunsa suka fito. Ya feso ruwan gaba ɗaya a fuskar Ilu, ya faɗi bisa gwiwa yana kakari yana kartar harshe da hannun riga.

"Wane mugun ne ya zuba guba a randa? Wannan ko jaki ba ya sha! An kashe ni!"

Dalhatu ya ɗauki moɗar da ke shirin kifewa ya leƙa. A ɗan ruwan da ya rage, ga shuɗin kifi yana zagaye abinsa, lafiya sumul. Ya tsoma yatsa ya ɗanɗana. Ya ɗebi kaɗan ya ɗiga kwalba. Fari tas.

"Kawu," ya ce, yana ƙoƙarin danne dariya, "ai wannan shi ne ruwan teku. Daidai awonsa, ko ƙwaya bai ƙaru ba."

Ilu na share fuska da hula. "Wanda kake jiƙa gari da shi shekara bakwai? Mai kamar romon kan sa?"

Sodangi ya dubi moɗa, ya dubi jama'a. Ya ce na wancan gefen tekun bai kai wannan gishiri ba. Ba wanda ya ji ƙarshen maganar, don har Manu sai da ya riƙe ciki.

Dalhatu ya yi sallama ya shiga cikin gida. Ya tarar da sauran biyun cikin randa, da garwa ƙarƙashin gado, da buhun gishiri rabinsa tsumma. Kande ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ta fuskanci bango.

"Inna Kande, wa ya koya maki?"

"Uku a garwa ka ce," ta faɗa da ƙyar. "Don Allah kada ka ce ni ce."

Bai ce ba, amma Gogo Tani na bakin ƙofa, kuma abin da Gogo Tani ta ji, kasuwa ta ji. Kafin la'asar har mata na aiko wa Kande da goro. Sodangi kuwa, da ya wartsake, ya fito ya gyara zama ya ce dama shi ya tsara abin haka, akwatin na baƙin ruwa don ya kawar da idon mutane ne, kuma duk abin da matar nan ta iya a wajensa ta koya. Kande na jin sa ta bayan zana, ta ci gaba da tankaɗe.

Sunan Sarkin Teku bai bar shi ba, sai ma ƙara kama shi da ya yi. Illa dai tun daga ranar, da ya gyara murya ya ce "wata rana muna tsakiyar teku", sai Ilu ya leƙa zaure ya ce, "Gogo, a kawo wa Sarki ruwa." Nan take labarin ke komawa na farashin gero.

Zancen Funtuwa da buhun auduga kuwa, har yau Kande ba ta faɗa wa kowa ba. Ku ma in kun gamu da shi, ku yi kamar ba ku ji ba.